Akwati Mai Ido Biyu

A layin masu tsofaffin kaya na kasuwar Juma'a Rahamatu ta fara ganinsa, cikin sanyin 2013. Tana taya wata fitila, shi kuma yana tsaye gefe, ya sunkuyar da kai cikin wani baƙin akwati da ya rungume. Ta ce a ranta, ga mai kunya.

Sai da suka saba ya gaya mata gaskiya. Akwatin kyamara ce ta zamanin kakanni, wadda ake ninkewa a sa a jaka. Da madubi a cikinta, ta sama ake leƙawa. Rahamatu yake kallo ta ciki tun isowarta.

Kamilu sunansa, ɗalibi daga Zariya da ya zo karatu ƙasar waje, yana gyaran tsofaffin kyamarori a wani shago a unguwar Faisal bayan darasi.

Yayanta Illiyasu, wanda take zaune a hannunsa a Ard al-Liwa, unguwar baƙi 'yan ci-rani, bai yarda da shi ba. A shekarun nan duk mai yawo da kyamara ana yi masa kallon ɗan rahoto. Ga shi an ga Kamilu da wata kyamara mai ido biyu a unguwar da rabin mutanenta ba su da izinin zama. Wa yake kai wa hotunan?

Rahamatu ta yi ta kare shi, har ƙawarta Indo ta ce mata duk Alhamis yana shiga gidan wata Mahasin a unguwar Hadayek el-Maadi, da ƙunshi a hammata. Ranar ko abinci ba ta ci ba. Ta tura masa saƙo:

"Wace ce Mahasin? Kada ka ce min ma'alish, wai in yi haƙuri."

"Sanyin idona, zo ki gan ta. Ki taho da Yaya."

Suka je, kowa da abin da yake zargi. Tsohuwa suka tarar a kan gado, Bahaushiyar Sudan. Mahaifinta mai hoto ne a garin Wad Madani, ya bar mata kyamarar nan mai ido biyu da fale-falen gilashi, kowanne da hoto biyu a jere. Abin leƙa su ne ya karye tun tana budurwa, shi Kamilu yake gyarawa.

Ya saka gilashi ɗaya, ya kara wa tsohuwar abin leƙawar a ido. Hotunan biyu suka haɗe, suka yi zurfi. Mahasin ta miƙa hannu cikin iska.

"Inna ce," ta ce a hankali. "Kamar in kama bakin zanenta."

Illiyasu ma ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. A mota kan hanyar komawa ya nemi lambar mahaifin Kamilu.

Rahamatu ta rubuta: "Ka yafe min, habibi."

"Khalas, ya wuce, gimbiyata. Ai na ji daɗi da kika damu."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Mahasin ta ƙi yarda kowa ya yi wa amarya lalle sai ita, saboda tsufa zanen ya karkace. Rahamatu ta hana a gyara.

Tsohuwar ta dafa kanta ta ce, "'Yata, Allah Ya sa ku tsufa tare, jikoki su san fuskarku."