Tallafin Lantana da Jakin Yayanta

A wani zamani, a wani gari, an yi wata yarinya mai ƙwazo ana ce da ita Lantana. Da ta samu shiga jami'a, sai dattawan garin suka haɗa mata tallafi. Babbansu ya ce, "Don karatu muka ba ki, 'yata. Kin ɗauki amana?"

Ta durƙusa ta ce, "Na ɗauka, Baba."

Ana gab da tafiya sai jakin yayanta Ɗanjuma ya mutu. Da jakin nan kuwa yake dakon itace yana ciyar da gidan.

Ya same ta ya ce, "Lantana, ara mini kuɗin nan in sayi jaki. Da kaka zan mayar."

"Ba nawa ba ne, Yaya. Na karatu ne."

"To, wa zai sani?"

"Ni zan sani. Ba nawa ba ne, Yaya."

Ya fita ransa a ɓace. Ita kuma ta zauna tana kuka, don ta san hatsi ya yi ƙasa a rumbu. Can ta share hawaye, ta kwance tunkiyarta, wadda ta yi kiwonta tun tana ƙarama, ta ja ta kasuwa da 'ya'yanta. Da yamma ta dawo da wani ramammen jaki, ta miƙa wa yayanta igiyar.

"Wannan kam nawa ne, Yaya. Karɓi."

Ɗanjuma ya karɓi igiyar, kansa a sunkuye. Sannan ya ce, "Ɗauko akwatinki, ƙanwata. Kayanki zai fara ɗauka, har tasha."