Tabo a Dangwale

Ranar Litinin da Asta ta zo sayar da gidan mijinta, ranar aka ce mata ɓarauniya a gaban kotu.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce. Mijinta Jafaru ya rasu, rufin gidan da ke bayan tashar jirgi a Kaura Namoda yana zuba, ita kuma so take ta koma wurin danginta a Sakajiki. Sai dai akwai hukunci a kan gidan. Tun 1995 kotu ta yanke cewa ba za a sayar da shi ba sai an biya Alhaji Maitama na Shinkafi kuɗin geronsa da ya salwanta ranar da motar Jafaru ta faɗi, naira dubu goma sha takwas. Asta ta kawo rasiɗi mai hatimin kotu da ke cewa an biya. Aka duba littafin kotu, babu. Alƙali ya ba ta kwana bakwai ta faɗi wanda ya rubuta mata, in ba haka ba ita za a tsare.

Daga kotu gidan Malam Namadi ta wuce. Shi ne tsohon magatakardan kotun, kuma mijin Kubura, yayar Jafaru, wadda ta rasu shekara biyu da suka wuce. Tun rasuwarta ba ya zuwa suna, ba ya zuwa ɗaurin aure. Littattafansa kawai yake kulawa, don su ba sa yi masa ta'aziyya.

Asta ta zauna a zaure, hannuwanta duka biyu a ɓoye cikin hijabi.

"Fito da su," in ji Namadi. "Ba a yanke hannu don takarda. Da ana yi, da rabin ma'aikatan jihar nan da ƙafa suke cin tuwo."

Ba ta yi dariya ba.

"Ina kinka samo ta?"

"Cikin akwatin marigayi, Malam. Ƙarƙashin rigunan Sallah."

"Kin san abin da ke ciki?"

"Ni da ko baƙi ban sani ba? Shi ya ce mini in ya mutu in duba, gida ya fita daga bashi."

Sabon magatakarda yaronsa ne a da, don haka ya ba shi aron rasiɗin. Namadi ya fita da shi rana ya duba. Kwanan wata, Maris 1997. Sunan mai biya, Jafaru. Hatimi, Jihar Sakkwato, da ɗan gibi a gefen hagu. A ƙasa akwai dangwalen babban yatsa, wani farin layi ya ratsa tawadar a karkace. Ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya ninke takardar a hankali fiye da yadda ake ninke shaida.

Ya fara da Jatau dillali, wanda la'adarsa ta dogara da cinikin gidan. Ya same shi a rumfarsa, an rubuta ZAMFARA da koren fenti har a jikin butarsa.

"Kai ka rubuta wagga takarda?"

"Ni? Magatakarda, da ni na yi ta ai da ta fi haka kyau."

"Yaushe ka fara ganinta?"

"Mako biyu. Dubi yadda gara ta ci gefenta. Ko gara ma ni na ɗauka aiki?"

Gaskiya ne. Takardar ta yi shekaru a akwati, Jatau kuwa bara ya fara dillanci. Namadi ya cire shi.

Ranar Alhamis ya hau motar Shinkafi. Alhaji Maitama yana kasuwar hatsi a kan buhu, tsoho mai ido ɗaya da ƙwaƙwalwa ta mutum uku.

"Ko kwabo bai shigo hannuna ba," ya ce. "In rantse?"

"Ajiye rantsuwar, ta yi tsada bana. Jafaru ya taɓa zuwa?"

"Jafaru da ya kwanta jinya tun faɗuwar motar geron? A'a. Wata mace ce ta zo, da rani. Ta tambayi nawa ne. Na ce ni ba ni karɓa a kasuwa, ta kai kotu a rubuta."

"Ta faɗi sunanta?"

"Ta ƙi. Ta ce daga Galadi take, ta sayar da saniya. Har na ce mata, Hajiya, mijinki ya sani? Ta ce, mijina ya san komai, sai abin da ke gidansa."

Namadi ya ce zai sha ruwa. Aka kawo, bai sha ba.

Kubura tana da saniya guda a wurin Fulani a Galadi, gadon uwarta. Lokacin hukuncin ta roƙe shi sau ɗaya ya taimaki ƙanenta. Ya ce ko sisinsa ba zai bi motar da ta riga ta faɗi ba. Da ranin 1997 saniyar ta ɓace. Ya tambaya, ta ce ta mutu. Ya je Galadi aka ce masa sayarwa ta yi. Ya dawo ya kira ta maƙaryaciya a tsakar gida, ya yi wata uku yana cin abincinta ba tare da ya ce ya yi daɗi ba. Ba ta taɓa kare kanta ba.

Ranar Asabar ya nufi Zurmi tare da wani sajen ɗan sanda. Isah, tsohon masinjan kotun, can ya koma bayan ya bar aiki. Yana da injin niƙa a bakin hanya. Da ganin Namadi ya kashe injin, ya durƙusa, gari har gashin ido.

"Ranka ya daɗe! Mi ya kawo ka?"

"Hatimi. Da anka yi sabuwar jiha, na ba ka tsohon ka kai Gusau. Ka kai?"

"Na kai mana."

"Wa ka ba?"

"Wani... mai gilashi."

"Duk Gusau masu gilashi ne a shekarar nan, kowa na neman muƙami. Injin ga fa, yaushe ka saye shi?"

"An daɗe. Adashi na ci."

Namadi ya fito da rasiɗin a ninke, sunan Jafaru kawai ake gani. "An biya bashin gidan Jafaru a hannun wani ma'aikacin kotu. Ka san zancen?"

"Wallahi, Magatakarda, ni matarka ba ta taɓa ba ni kuɗi ba."

Sajen ya ɗago kai.

"Takardar ta ce Jafaru," in ji Namadi. "Wa ya ambaci matata?"

Isah ya zauna a kan buhun dusa.

Namadi ya yi bayani a hankali, don sajen yana rubutawa. A Maris 1997 Kaura ta yi wata biyar a cikin Zamfara, kotu tana da sabon hatimi a aljihun teburinsa. Wanda ya buga na Sakkwato bai iya kaiwa ga sabon ba, kuma tsohon yana hannunsa. Gibin da ke gefe shi Namadi ya yi shi, ranar da hatimin ya faɗi a kan siminti. Sannan kotu ba ta sa mai biya ya dangwala a rasiɗi, mai karɓa ne ke sa hannu. Masinja ne ya saba kai sammaci yana cewa a dangwala, har ya ɗauka kowace takarda haka take.

"Ita ta tare ni a hanya," Isah ya ce. "Ta ce in karɓa in shigar, amma kar ka gani, kar sunanta ya fito. Na ga in ba ka gani ba, ba wanda zai gani."

"Ba ta faɗi dalili ba?"

"Ta ce ka riga ka ce a'a a gaban mutane. Ba ta son a ce ta kunyata ka."

A hanyar komawa sajen ya tambaye shi yadda ya san mace ce tun kafin Shinkafi.

"Tabon," in ji Namadi. "Wuƙa ce ta yanke ta tana yankan kuɓewa, shekarar aurenmu. Ni na ɗaure yatsan."

Isah ya amsa laifinsa a gaban alƙali. Aka sayar da injin, aka biya Alhaji Maitama, aka cire hukuncin. Jatau ya sami la'adarsa. Asta ta sayar da gidan, ta zo sallama da kayanta ɗaure a bayan mashin.

"Malam, ashe Yaya ce."

"Ita ce."

"Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa faɗa mana ba."

"Haka take. Je ki, rana na yi."

Bayan an rufe shari'ar ya roƙi rasiɗin, aka ba shi. Ya shiga ɗaki, ya ja kujera, ya hau, ya ture manyan littattafan da ke saman kantar ɗakin. A bayansu akwai gwangwanin madara. A ciki akwai naira dubu goma sha takwas, 'yan hamsin-hamsin, ɗaure da zare tun watan da ya ce a'a. Ya ajiye gwangwanin kusa da takardar. Ya ɗora babban yatsansa a kan nata. Nasa ya rufe shi duka.

"Kubura," ya ce, "kuɗin suna nan. Jira nake ki ƙara tambaya."