Ni Kake So Ko Farantina?

Ranar kasuwar Kusada ce, shekara biyu da canjin kuɗi zuwa naira. Zinariya na zaune bayan tallan ƙuli-ƙulinta sai wani baƙon saurayi ya tsuguna gabanta. Bai dubi ƙuli-ƙulin ba, ita ma bai dube ta ba. Gefen farantinta na alminiyam yake shafawa, inda wasu ƙananan hujoji suka yi layi.

"Malam, saye za ka yi ko duba?"

Ya ɗago kai a kunyace, sai a lokacin ya ga fuskarta.

"Don Allah, ina kika samu wannan?"

"Gado na yi," ta ce, ta ja zane ta rufe gefen.

Ba gado ba ne. Bayan samun 'yanci, da Baturen gona ya tafi ya bar jirgin ruwansa a bayan wani sito a Kankiya, mahaifinta Malam Sodangi, mai zubin tukwane a Dudunni, ya yanko abin da ya yanko ya narkar. Wannan guntun da ya zama faranti kaɗai ya rage, kuma a gidansu ba a zancensa.

Saurayin ya dawo kasuwa ta gaba, da wadda ta biyo. Sunansa Dawuda, ɗan Kunduru, ya yi shekara biyar a Yawuri yana koyon gyaran jirage. Ya ce jirgin nan yake son tayarwa, saboda duk damina kogi kan raba mutanen ƙauye da asibiti, kuma yayarsa a bakin ruwan nan ta rasu tana naƙuda. Ya yi ta bin gari gari yana tattara sassan jirgin.

"Farantinki bangon bayansa ne, Zinariyata."

"Wa ya ba ka ni, har da 'ta'?" ta ce, tana ɓoye murmushi cikin mayafi.

Ta saba da zuwansa har takan ware masa masu sukari. Amma duk sanda idonsa ya sauka kan farantin, sai gabanta ya faɗi.

Kabo ne ya kai maganar gida. Shi ke fiton mutane da gora in ruwa ya kawo, kuma ya daɗe yana son Zinariya tana kauce masa.

"Baba, ku yi hattara. Yaron nan ɗan sandan ciki ne. Masu yankan kayan gwamnati yake nema, ta kan ɗiyarku ya biyo."

Malam Sodangi ya kira ta zaure. "Kada in ƙara jin kin tsaya da shi. So kike a ɗaure ni da furfurata?"

Aka hana ta kasuwa. Bayan kwana shida kakarta, wadda kowa ke kira Kaka, ta dawo daga cefane ta zaro wata takarda daga bakin zane. Zinariya ta yi ajin yaƙi da jahilci, ta karanta a hankali:

"Hasken idona, na zo ban gan ki ba, kasuwa ta zame mini kufai. In laifi na yi, a faɗa mini. Naki, Dawuda."

Ta karanta ya fi sau goma. Kwana biyu bayan haka Kabo ya tare ta a bakin rijiya.

"Ke kina nan kina ramewa, shi kuwa kullum yana gidan su Jamilatu a Kankiya. Ita ma akwai ƙarfen jirgi a ɗakinta. Kowace da abin da yake nema wurinta."

Zinariya ta koma gida tulunta rabi. Ta wanke farantin tas, ta naɗe a tsumma, ta rubuta layi ɗaya: "Ga abin da kake so, ka huta da zarya." Ta ba Kaka ta kai masa. A ranta ta ce, in ni yake so zai aiko, in faranti ne shi ke nan.

Mako uku, shiru.

Kaka ta gaji da ganin tuwo na kwana a kwano. Ta ce ƙafarta na ciwo, Zinariya ta raka ta asibitin Kankiya. Da suka sauka daga mota, ƙafar ta warke, tsohuwa ta miƙe sai bayan sito.

Ga jirgin a kife bisa duwatsu, an kankare shi yana ƙyalli, sababbin ƙusoshi jere a cikinsa. Bayansa kuwa a buɗe yake. Farantin na jingine a gefe, ko tsumman ba a kwance ba. Dawuda ya fito daga ƙarƙashi, ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

"Mi ya hana ka liƙa shi?" ta tambaya.

"Kora ta kika yi da shi. In na buga masa ƙusa, na yarda ke nan."

"Jamilatu fa?"

Ya tuntsire da dariya. Ya kai su wani gida a bayan masallaci. Wata tsohuwa da ta girmi Kaka ta fito tana dogara sanda, matar marigayi kukun Bature. Ƙarafa biyu da ake maƙala filafilin tuƙa jirgin na kafe a bangonta, ta rataye ƙwarya da ludayi.

"Wata biyu yana yi mini magiya," in ji Iya Jamilatu. "Na ce sai ya kafa mini wasu marataya tukuna. Ke ce mai ƙuli-ƙulin? Ya cika mini kunne da ke."

Zinariya ta rufe fuska da tafin hannu, kunya da daɗi suka haɗe mata.

Saura Malam Sodangi. Dawuda ya zo da baffansa Manu, suka shimfiɗa takardar gwanjo a zaure, shaidar cewa jirgin nasa ne halak malak. Tsohon bai taɓa ta ba, sai da limami ya zo ya karanta masa sau biyu.

"To, in ba kama ni za ka yi ba, mi kake nema?"

"Abu biyu, Baba. Ƙafafun bencin jirgin guda huɗu sun ɓace, har Kano na je ban samu ba. An ce duk ƙasar nan ba mai zuba su sai ku."

"In na zuba su daidai, ai na nuna na san kamanninsu."

"Wanda ya san kamanninsu nake nema, Baba."

"Na biyun fa?" in ji tsohon.

Dawuda ya sunkuyar da kai. Baffa Manu ya gyara zama ya nema masa auren Zinariya.

"Sai na ga jirgin bisa ruwa," in ji Malam Sodangi. "Wanda aikinsa ke yoyo, maganarsa ma tana yoyo."

Ya zuba ƙafafun, suka zauna daram. Da ruwa ya kawo, rabin Dudunni suka taru a bakin kogi, Kabo na gefe yana cewa a shirya igiyar ceto. Malam Sodangi ya shiga da buzunsa, ya shimfiɗa a tsakiyar jirgin ya zauna. Dawuda ya tuƙa su zuwa ƙetare, ya dawo. Tsohon ya ɗaga buzun, ya shafa, ya juya, ya sake shafawa. Ko ɗigo babu.

"Manu," ya ce, "ku turo bayan girbi."

An ɗaura aure bayan girbi, gero ya cika rumbu. Kafin a fita da amarya, mahaifinta ya dafa kanta.

"Na zarge shi, ke ma kin zarge shi, Allah Ya wanke shi. In wani abu ya shige miki duhu a gidanki, ki tambayi mijinki kafin ki tambayi mutanen rijiya. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari."

"Amin," in ji Kaka, tana share ido. "Ku tafi da ita haka nan, kada ta sa ni kuka."

Mata suka ɗauki guɗa.