Bututun Hayaƙin Gida Biyu

A watan Nuwamba rana ba ta daɗewa a garin Burnley na Ingila. Ƙarfe huɗu da ɗan wani abu magariba ta riga ta rufa. A irin wannan lokacin ne Tanvir ya ajiye tasinsa a ƙofar gida, ya ɗauko guduma, ya tsaya gaban tsohon murhun da ke jikin bangon kicin.

Gidansu ɗaya ne cikin gidaje ashirin da ke jere manne da juna, bangon wannan shi ne bangon wancan. Kicin ɗin ƙunci gare shi, mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Tun bazara magina suka ƙara masa ɗaki ta baya, suka dasa ƙarfen da zai riƙe bene. Murhun kaɗai ya rage, da bututun hayaƙinsa da ya turo ciki ya cinye wuri. Bututun na gida biyu ne. Gefensu ya yi shekaru ba a hura masa wuta ba, amma maƙwabciyarsu Misis Holroyd, tsohuwar da mijinta ya rasu ta zauna ita kaɗai, har yau kwal take ƙonawa a nata gefen, shi ya sa bulon nasu kullum da ɗumi.

"Baban Mehwish, ka bari a yi salla tukuna," in ji matarsa Rukhsana. A ƙauyensu can Mirpur, inda suka baro suka zo Ingila, ba a taɓa bango da almuru, ba a kuma rushe tsohon wuri sai an yi kwana uku ana sanar da waɗanda ido ba ya gani.

"Nan Ingila ne, baiwar Allah. Aljanun ƙasar nan duk sun yi ritaya sun koma Sifen."

Ya ɗaga guduma. A bugu na huɗu bulo ya faɗa ciki, kunkunniya ta zubo baƙa ƙirin, wata iska mai sanyi ta biyo ta. 'Yarsu Mehwish, mai shekara goma sha biyu, tana zaune a matakala tana aikin makaranta. Ta yi tari sau ɗaya, ta ajiye biro, ba ta sake magana ba.

Washegari da magariba jifa ta fara. Ɓaraguzan bulo ne ƙanana, suna faɗowa daga silin da babu ko tsaga a jikinsa. Ɗaya ya faɗa tukunyar miya, Rukhsana ta sa cokali ta tsame shi, ta ci gaba da juyawa. A cikin bango wani yana tari, tarin tsoho mai nauyin ƙirji.

Mehwish ta bar ɗakinta. Ta koma cikin gurbin da aka rushe, ta jingina bayanta da bulon da ya raba su da maƙwabciya, ta naɗe ƙafa. Ba ci, ba barci. Likita ya duba ta, ya ɗebi jini, ya ce bai ga komai ba. Rukhsana tana kai mata faranti, tana ɗaukewa yadda ta ajiye. Kuka ma bai zo wa uwar ba. Wuyan hannun yarinyar kawai take kallo, yana sirancewa.

"Tanvir, gida kake gyarawa ko kabari kake haƙa mana?" Misis Holroyd ta ɗaga murya ta kan katangar baya, tana dariya. "Ina 'yar budurwata? Kwana biyu ban ji gudunta a matakala ba."

Tanvir ya ce mura take yi.

A kwana na tara ya ɗauko Hafiz Inayat, dattijon da ke koyar da karatu a masallacin unguwa. Ya iso bayan la'asar, ya cire takalmi duk da ƙurar siminti, ya zauna a kan buhu yana fuskantar yarinyar. Ya daɗe yana karatu, haske yana janyewa daga sabuwar tagar, babu wanda ya tashi ya kunna fitila.

Can Mehwish ta buɗe baki, muryar wani tsoho ta fito, a shaƙe.

"Ya isa, mai gemu. Kunnena kake cikawa."

"Wane ne kai?"

"Mai gidan nan. Tun masaƙu suna aiki nake cikin wannan bututu. Iyali shida na gani, babu wanda na taɓa. Sai ga wannan mai tasin da gudumarsa, ko sallama babu."

Tanvir ya sunkuyar da kai.

"Laifi an yi maka," in ji Hafiz Inayat. "Amma yarinya ba ta riƙe guduma ba. Ka fita."

"In fita zuwa ina? Ita ce wuri mafi ɗumi a gidan. A mayar mini da bulona."

"Wanda aka zubar tun wancan makon? Ko an gina sabo ba naka ba ne, ka sani. Akwai tsohuwar masaƙa a bakin ruwa, bututunta ya fi hasumiya tsawo, babu kowa."

"Kai ka je ka kwana can mana. Shekara hamsin ba wuta." Muryar ta yi tari mai tsawo, har jikin yarinyar yana girgiza. "Akwai ɗaya gefen. Na tsohuwa. Hayaƙi ya yi yawa, amma zan jure."

"Wannan gidan mutum ne. Ba ni da ikon ba ka."

"Ba kai nake tambaya ba. Bangon na gida biyu ne, rabinsa nasu. Uwar ta buɗe mini, in wuce yanzu. In ba haka ba ka yi ta karatunka, mu ga wa zai riga gajiya, ni ko 'yar."

Hafiz Inayat ya juyo wajen Rukhsana. "'Yata, kada ki amsa masa. Ki ba ni kwana uku."

Rukhsana ba ta taɓa magana a gaban dattijon ba. Ta dubi wuyan hannun Mehwish. Ta bayan bango ana jin Misis Holroyd tana zuba kwal a wuta, tana 'yar waƙarta.

"Ka wuce," in ji Rukhsana.

Kan yarinyar ya langaɓe. Kunkunniya kaɗan ta zubo daga tsakanin bulo biyu. Sai Mehwish ta buɗe ido.

"Ammi, yunwa."

Hafiz Inayat ya sa takalminsa. Shayin da aka zuba masa bai sha ba.

Aka shafe gurbin da siminti, aka yi fenti, aka kafa tebur mai cin mutum shida. Mehwish ta koma makaranta.

Ranar Lahadi da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Misis Holroyd ce, da rigar sanyi a kan rigar barci, gashinta a hargitse, ta buɗe tafin hannu da gutsuren jan bulo a ciki.

"Rukhsana, 'yar nan, kada ki ce tsufa ne ya taɓa ni. Ku ma kuna jin wani yana tari a bango?"

Rukhsana ta dubi bulon, ta goge garin alkamar da ke hannunta a jikin gyale.

"A'a," ta ce. "Mu ba ma jin komai."