Rijiyar Mai Famfo

Ni yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kada wani ya ce ƙazafi nake yi masa. Abin da ban gani da idona ba, shi ya faɗa mini da bakinsa bayan komai ya lalace.

Gyaran famfo ya koya, ya kuma iya, har unguwa ta sa masa suna Mai Famfo. Amma tun yana yaro zuciyarsa a ƙuntace take. Idan maƙwabci ya sayi keke, ranar ƙanena ba zai iya cin abinci ba. Yana shiga gidajen masu hali ya durƙusa a banɗakinsu yana kwance bututu, ya fito yana zaginsu a ciki. Talakawa kuwa ƙudaje yake kiransu, kamar shi ba cikinmu yake ba.

Wani direban tankar ruwa ne ya kwatanta masa wurin wani boka, a wata tsohuwar masana'antar bulo da aka daɗe da watsarwa a bayan gari. Da rana tsaka ya je. Waje ƙasa ta tsattsage don fari, amma daɓen ɗakin a jiƙe yake, sanyinsa na shiga ta tafin ƙafa. Babu taga. An rataye kwaɗuna masu tsatsa a jikin igiya, kowanne a kulle. A kusurwa ga tulin takalman yara, duk wari-wari, babu mai ɗan'uwa. A tsakiyar ɗakin an binne wata tukunya har wuya, cike da baƙin ruwa, ruwan yana motsi ba tare da an taɓa shi ba.

Bokan guntun mutum ne mai tsafta, farcensa a yanke, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Me ya kawo ka?" in ji shi.

"So nake garin nan ya zo ƙofata yana roƙona."

"Wannan mai sauƙi ne. Ka tona rijiya a bayan gidanka. Na mutane za su ƙafe, taka ba za ta ƙafe ba. Sai dai wanda zai zauna a cikinta ba ya cin akuya kullum. Mutum yake ci."

Ƙanena bai ko girgiza ba. "Gari cike yake da mutane. Ya ɗiba. Amma ban da jinina."

"Shi bai san jini ba. Wanda ya sha kawai ya sani."

"To, nawa ba za su sha ba."

Bokan ya dube shi. "Kana da inda za ka ajiye su, inda babu mutane?"

"Wannan ba damuwarka ba ce. Za ka yi ko in nemi wani?"

Aka yanka baƙar akuya a bakin tukunyar. Jinin yana zuba ruwan yana shanye shi, ko kala bai canza ba. Bokan ya sa shi ya tofa yawu a ciki, ya faɗi da bakinsa cewa ya yarda. Sannan ya zura hannu har kafaɗa ya zaro wani dutse mai santsi, ya naɗe shi da fatar akuyar tana ɗumi, ya ce a jefa shi a rijiyar ranar da aka ga ruwa.

Haka aka yi. Kafin damina ta zagayo rijiyoyin unguwa sun ƙafe ɗaya bayan ɗaya, famfon gwamnati ya koma hura iska. Ƙanena ya ɗora inji, ya jera famfuna a jikin katanga. Layin jarkoki ya kai bakin titi. Ya sayi tankoki, ya ta da bene, ya zagaye shi da katanga mai fasassun kwalabe a kai. Yakan tsaya a saman benen yana kallon mata suna dambe a kan layi, yana dariya.

Sai mutuwa ta shigo unguwar. Ɗan tela ne ya fara, sai wata tsohuwa mai sayar da gawayi, sai jaririn maƙwabciyarsa. Ciwon iri ɗaya ne. Ƙishirwa ke kama mutum, ya sha ya sha har ciki ya kumbura, harshe ya tsage, ya mutu yana roƙon ruwa. Likitoci suka auna ruwan, ba su ga komai ba.

Shi kuwa ruwan roba yake sa a kawo masa daga nesa. Ya cire yaransa daga makaranta. Ya hana matarsa shiga maƙwabta, ko gaisuwar rasuwa. Ranar da na je gidan na tarar da ita da kumburarren ido, wai don ta karɓi lemo daga hannun wata mata.

Na ce, "Kai, me kake ɓoyewa? Ka kulle iyalinka kamar kaji."

"Yaya, ki ci abin da aka ba ki, ki kama gabanki."

"Mutane na mutuwa a ƙofarka, ko sannu ba ka ce ba."

"Ni na haife su?"

Ban sake taka gidan ba sai da aka aiko mini.

Autarsa ce, yarinyar da ko magana ba ta gama iyawa ba. Wata rana da hantsi an buɗe get tanka zai fita, ta sulale waje, ta faɗi a kan tsakuwa ta fasa leɓe. Maƙwabciyar nan da jaririnta ya rasu ita ta ɗauke ta. Ta rarrashe ta, ta wanke mata baki, ta ba ta ruwa a kofi ta sha, kamar yadda kowace uwa za ta yi wa ɗan kowa. Ta kawo ta har ƙofa tana cewa, "Ga 'yarku nan, ba ta ji ciwo sosai ba."

Yarinyar ba ta kai ƙarshen makon ba. A hannuna ta cika, tana miƙo hannu wajen kofi.

Ba a gama share hawaye ba babban ɗansa ya kwanta. Ashe ya daɗe yana bin direbobin tanka a ɓoye, yana ci tare da su, yana shan abin da suke sha. Saurayi ne, yana son abokai. A gaban gawarsa ƙanena ya ruɗe, ya faɗa wa matarsa komai. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta fasa duk abin da ke riƙe ruwa a gidan, ta fita kan layi ba ɗankwali tana fizge kofi daga hannun yara. Har yau tana gidan iyayenta a ɗaure, idan ta ji ƙarar famfo sai ta fara buga kai da bango.

Ya koma wurin bokan, ya shaƙo wuyan rigarsa.

"Ka fitar da shi daga rijiyata."

"Sake ni. Ni na sa shi? Da hannunka ka jefa."

"Ka cuce ni."

"Na tambaye ka inda za ka ajiye su, ka ce ba damuwata ba ce. Lokacin da yake cin 'ya'yan mutane ba ka zo ba."

Ya dawo ya sa aka cike rijiyar da siminti. Ruwan ya ɓullo ta ƙarƙashin daɓen falo, baƙi, mai wari. Ya jiƙa bango, ya cinye ginshiƙi, benen ya tsage ya durƙusa. Zuwa lokacin magana ta bazu. Na ɗauka za su ƙone shi, amma ba wanda ya ɗaga masa hannu. Sun daina ganinsa ne kawai. Mai shago ba ya sayar masa, mai aski ba ya taɓa kansa, in ya yi sallama sai a ci gaba da hira.

Yanzu yana kwana a cikin wani tsohon tanka da tayoyinsa suka zagwanye. Nakan kai masa abinci don albarkacin nonon da muka sha, in ajiye daga nesa. Ban yafe masa ba, kuma ban isa in yafe a madadin tela ko maƙwabciyar nan ba.

Kai da kake zaune kana ƙulla yadda za ka hau kan mutane ka yi arziki, kana cewa in dai naka sun tsira sauran su mutu, ka ji da kyau. Ba katangar da za ta raba gidanka da gari. Ɗanka zai yi aboki, 'yarka za ta faɗi a titi, kuma wanda ka sa a bakin mutuwa shi zai sunkuya ya ɗauke ta.