Tofin Goro a Tashar Sama

Ranar Litinin da hantsi, cikin shekarar 1975, aka kawo rahoto cewa an sace agogon tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ke kan gada a gabashin Landan.

Insfekta Uwaisu, wanda aka turo kwas daga Kano, ya bi Saja Miller suka hau matakala. Tashar ta haura shekara ɗari, sama da rufin gidaje aka gina ta. Lokacin yaƙin duniya bam ya faɗa mata, ya kashe ma'aikata tara, aka rufe ta. Agogon ya tsaya cak a wannan sa'ar, shi ya sa iyalan mamatan ke taruwa a ƙarƙashinsa duk shekara. Jibi ne ranar.

Saja ya nuna wani jan tabo a gindin bango, ya ce jinin ɓarawon ne. Uwaisu ya duƙa ya duba, sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wane jini! Tofin goro ne. Kuma mai cin goro ɗaya ya sani da ya kama hayar sito a ƙarƙashin gadar, yana tara kayan aikawa gida: Alhaji Nata'ala, mahaifin matarsa Zinatu.

Da ya yi shiru, da magana ta mutu. Bai yi ba, ya faɗa wa Saja.

A sito, Uwaisu ya durƙusa ya gai da surukinsa, Saja na kallon ikon Allah. Alhaji ya ce shi da ciwon gwiwa ina zai iya hawa sama.

"Baba, kashin tattabaru ne a takalminka," in ji Uwaisu, kansa a sunkuye. "A sama kaɗai suke kwana. Mene ne cikin akwatin can?"

"Kayan ɗaki."

Aka ɓalle akwatin, ga agogo naɗe cikin bargo.

"Kufai ne fa, ba mai shi," in ji Alhaji. "Gyara shi zan yi in rataya a masallacin garinmu."

Uwaisu ya ba shi labarin mutum taran nan. Tsohon ya ce ashe kabarin mutane ya tone bai sani ba.

Saja ya buɗe littafi, ya tambayi Uwaisu sunan mai laifi. Shekara bakwai da aure, sunan nan bai taɓa fita daga bakinsa ba, yau ma ya ƙi fita. Alhaji ne ya faɗa da kansa.

A bakin motar 'yan sanda Alhaji ya waiwayo ga Uwaisu. "Kai za ka gaya wa Zinatu. Ni ba zan iya ba."