Awakin Malam Hodi

Ranar da Rauda ta tsaya a rumfar Mujtaba a kasuwar Birnin Kebbi, irin albasa ta je nema, ba miji ba. Shekarar ce Kebbi ta samu jiharta, kowa yana rububin kujerar ofis, ita kuwa malamar firamare ce a Argungu.

"Gwangwani nawa, Malama?" ya tambaya, alhali ba gwangwanin yake kallo ba.

"Ba saye niz zo ba, roƙo niz zo. Lambu za mu yi bayan makaranta, yara su san darajar ƙasa da icce."

Ya ba ta irin albasa da latas da tumatir, ya ƙara da butocin ban-ruwa huɗu, duk kyauta. Daga nan kowace Asabar sai ya rufe rumfa ya hau babur zuwa Argungu, wai ya ga ko iri ya tsiro. Har yara sun gane ba albasa kaɗai yake dubawa ba.

Sauran kwanakin mako direban motar haya ke kai masa wasiƙa.

"Ɗan rumfata, latas ya yi kunne huɗu. Yara suna gaishe ka. Malamarsu ma haka, amma ita kunya ta hana ta faɗi."

Ya amsa: "Hasken idona, ki gaya wa malamar nan sauran kwana uku Asabar, kuma sun yi mini tsawo."

Sai dai Mujtaba ɗan birni ne, a rumfa ya tashi. Bai san da an gama girbi ake kwance dabbobi daga turke su yi ta yawo har damina ba. Da hannunsa ya kewaye lambun da darnin kara mai ganye, wato ya yi katanga da abincin ɓarawo. Rana ɗaya awaki suka cinye darnin, suka wanke baki da latas.

Awakin kuwa na Malam Hodi ne, mahaifin Rauda, manomin shinkafa da ba ya tauna magana.

"Wanda bai iya tsaron latas ba, shi za ni ba ɗiya?" in ji shi, ranar da Mujtaba ya je gaisuwa. "Ga Zulkifli can, akawu na sakatariya, ya daɗe shina biɗa. In lambun ga ya kai ruwan fari da ganye, turo magabatanka. In bai kai ba, kak ka koma taka min zaure."

Washegari Mujtaba ya iso makaranta da gatari, zai sassaro rassan bagaruwa ya yi shingen ƙaya. Rauda ta sha gabansa.

"Wata ukku ina gaya ma yara kada su sari icce. Yau su ga an sara don aurena?"

"Rauda, ko dai akawun kika so?"

Maganar ta yi mata zafi ƙwarai, ta juya ta koma aji. Shi ma ya koma gida zuciyarsa a cunkushe, sati biyu bai leƙa Argungu ba. Sai ga wasiƙa.

"Ɗan rumfata, kai nake so, kuma ba za a sare itace ba. Duka biyun nake nufi. Je ka Gulma ka dubi shingen Goggona, ka tambaye ta me ya sa akuya ba ta taɓa ci mata kuɓewa ba."

Ya je. Ashe shingen na bini-da-zugu ne, ɗan itacen da akuya ba ta sa wa baki, wanda in ka yanki reshensa ka kafa sai ya kama, uwar kuma ta sake toho. Mujtaba ya dinga lodin rassa a babur har bayansa ya ƙage. Shi da Rauda da 'yan aji shida suka kafa su kusa-kusa, suka ɗaure da kaba, suka sake zuba iri. Kullum kowane yaro yana shayar da reshensa, ita kuma tana yi musu darasi a gindinsa.

Da hadarin fari ya haɗu, Malam Hodi ya koro awakinsa da kansa har bakin lambu, ya harɗe hannu. Babbar akuyar ta sunsuni shingen, ta yi atishawa, ta juya. Sauran suka bi ta. Ta ciki tumatir ya yi ja.

Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya dubi Mujtaba ya ce, "Wa yak koya maka wanga?"

"Ɗiyarka, Baba."

"To, wanda ka jin maganarta ba ya wulaƙanta ta. Turo magabatan naka."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Argungu, da albasar makaranta aka yi miyar biki. Malam Hodi ya dafa kawunansu ya ce, "Allah shi tsare gidanku yadda kunka tsare lambun ga."

Sannan ya sa aka jawo gudunmawarsa. Ita ce dai babbar akuyar nan.